Uwa Daban, Riba Daban

Shekara ashirin da uku ina gaban injin roba a Sharaɗa,
bokiti na fitowa da zafinsa, ina kankare masa baki.
Ƙarshen wata albashi ya zo a aske,
haraji ya ɗauki nasa tun kafin ya iso hannuna.
Daga abin da ya saura nake ƙara gutsurewa,
dubu biyu, wani watan uku,
watan da babu mai ciwo a gida, biyar,
in ce wa akanta ya tura asusun fansho,
ban da wanda ake yanka dole.

Wannan ita ce uwa.
An biya mata jangali tun tana maraƙa.
Abin da ta haifa a can, riba ke nan,
in hukuma na da rabo a ciki, bismilla.
Amma saniya ɗaya ba a ƙirga ta sau biyu a garke.

Kubura ta sha yi mini dariya
kan gwangwanin madarar da ke ƙarƙashin gado:
"Mutane na ɓoye zinari, kai takarda."
Kowane wata guda ɗaya, in ninke ta huɗu,
in rubuta a bayanta da jan biro: an cire.

Ran da na je ofishinsu na Bompai,
wani yaro mai taye, Sagiru aka rubuta a ƙirjinsa,
ya juyo mini fuskar kwamfuta.
Lamba guda ce, doguwa, mai kyan gani,
uwa da 'ya an dama su kamar fura da nono.
Ya ce, "Baba, da kamfaninku ya sauya hannu
jimla kawai aka turo mana.
Abin da ba shi da shaida, ba zan iya ware shi ba."

Na ce, yaro, shaiduna na cikin leda.

Muka baje su har bisa kujerar baƙi.
Yana lasar yatsa, ina kiran watanni,
aka kira azahar muna shekara ta tara.
Ɗari biyu da saba'in da shida ya kamata su cika.
Bakwai suka fito fari fat,
na daminar da kwanon ɗakinmu ya yi yoyo a Ɗorayi,
ruwa ya sha tawadar, ya bar mini ninkin.

Sai na hau adaidaita zuwa Kurna
neman Malam Barau, tsohon akantanmu.
Na same shi yana auna gawayi a ƙofar gida,
idon dama ya yi yana, amma ya gane muryata:
"Tanimu mai dubu biyu!"
Ya sa jikansa ya jawo littafin daga kan silin.
Huɗu na nan, da sa hannunsa mai kama da ƙugiya.
Shafi uku kuwa an yage.
Ya ce wataƙila ƙosai aka naɗe da su,
ya yi dariya, ni ban yi ba,
sai da muka rabu na yi tawa a hanya.

Wata uku ke nan na biya sau biyu.
Na yafe, ko ban yafe ba an cire.

Jiya Hajara ta kawo takardar albashinta ta farko
daga asibitin da ta kama aiki,
za ta goge man shafawa da ita daga yatsa.
Na riƙe hannunta.
Na ce ɗauke ta hoto a waya, ki kuma ajiye ta asalin,
nesa da kwano, nesa da mai ƙosai.
Kubura ba ta ce komai ba,
ta shiga kicin ta juye sauran madarar a kofi,
ta wanke gwangwanin, ta kife shi a rana.